Sunan da ke Gindin Tukunya

Dillalan kayan tarihi na birnin Santa Fe suna da wata ɗabi'a. In aka miƙa musu baƙar tukunyar Pueblo, kafin su tsaya kallon ƙyallinta sai sun kifa ta tukuna. Abin da suke nema yana can gindi, inda aka rubuta 'yan haruffa kafin tukunyar ta shiga wuta. In suka ga "Marie" kaɗai, sun san ta farkon shekarun 1920 ce. In suka ga "Marie + Julian", an gina ta tsakanin 1925 da 1943. "Marie + Santana" na nuna bayan rasuwar Julian, "Maria + Popovi" kuwa daga 1956 zuwa wajajen 1970. Kowane suna da kuɗinsa. Tukwane biyu za su iya fitowa daga wuta ɗaya a safiya ɗaya, amma mai suna ta ninka marar suna tsada sau da yawa.

Mace ɗaya ce a tsakiyar waɗannan sunaye duka. Duniya ta san ta da Maria Martinez. An haife ta wajajen 1887 a ƙauyen San Ildefonso da ke arewacin jihar Niyu Meziko ta Amurka, a can kuma ta rasu a 1980. Sunan da danginta suka raɗa mata da harshensu na Tewa shi ne Po've'ka, wato furen bado. Maria sunan coci ne, na Sifaniyanci. Marie kuma sunan kasuwa ne, an ba ta shawarar ta riƙa rubuta shi haka don ya fi sauƙi a bakin Turawan da ke sayen kayanta. Kowane suna da mutanen da ake fuskanta da shi. Wanda ya fi nesa da ita shi ya fara hawa yumɓu. Sunan gida sai da ta manyanta sannan ya samu wuri, a kan tukwanen da ba a yi wa zane ba, inda ta riƙa sa "Maria Poveka".

Ƙauyen nasu ma haka ya sha. San Ildefonso sunan wani babban limamin coci ne na birnin Toledo a Sifen, wanda ya rayu a ƙarni na 7, bai kuma taɓa jin labarin wannan wuri ba. 'Yan garin suna kiransa P'ohwhóge Owingeh, inda ruwa ya ratsa, saboda kogin Rio Grande da ke keta ƙasarsu. Ita kanta "Pueblo" kalmar Sifaniyanci ce mai nufin gari. Sifaniyawan da suka shigo yankin a ƙarni na 16 sun tarar da manoman masara da wake da kabewa zaune a gidajen ƙasa masu hawa, sai suka haɗa su duka suka kira su 'yan gari. Yau garuruwa 19 ne a Niyu Meziko ke amsa wannan suna, alhali harsunansu sun bambanta, wasu ma ba sa jin juna ko kaɗan. Shida daga ciki ne ke jin Tewa. Ba su karɓi baƙin da hannu biyu ba. A 1680 sun haɗa kai ƙarƙashin wani jagora mai suna Po'pay suka kori Sifaniyawa har shekara 12, a 1694 kuma mutanen San Ildefonso suka haye baƙin tsaunin da ke arewa da garinsu suka yi ta turjiya. A 2005 garin su Po'pay ya ajiye sunan San Juan a hukumance ya koma Ohkay Owingeh. Mutane ne da suka daɗe da sanin cewa akwai sunan da ake ɗora maka, ka yafa shi ka fita, in ka dawo gida ka rataye.

Sunan gindin tukunya yana ƙoƙarin amsa tambaya ɗaya ce: wa ya yi wannan? Kafin mu yarda da amsar da ya bayar, bari mu bi aikin tun daga rami, muna ƙirga hannuwa.

Yumɓun ana haƙo shi ne a tuddan da ke kusa da gari, kuma ba a ɗiba sai an yayyafa garin masara an yi roƙo. A wurin 'yan Tewa yumɓu tsohuwa ce mai rai, ana neman izninta, ba a ɗaukar fiye da buƙata. A shanya shi, a daka, a tankaɗe, a cakuɗa da tokar dutse mai aman wuta, wadda ke hana tukunya tsagewa in ta ji zafi. Ba su da injin juyi. Maginiya takan ɗora faifan yumɓu a cikin wani ɗan kasko da suke kira puki, ta murza yumɓu ya yi tsawo, ta ɗora zagaye bisa zagaye tana matsewa da yatsu, sannan ta daidaita ciki da waje da sakaina. Waɗanda suka ga Maria tana wannan aiki sun yi ta mamakin saurinta da yadda tukunyarta ke fitowa daidai ta kowane gefe ba tare da awo ba.

In tukunya ta bushe aka kankare ta, sai a shafe ta da jan yumɓu mai ruwa-ruwa, shafi bisa shafi. Nan ne wahalar take. Tun shafin yana da danshi za a ɗauki tsakuwa mai sulɓi a shiga guga, kuma in an fara ba a tsayawa, don in ya bushe kafin a gama tabo zai fito, aiki ya lalace. Babbar tukunya takan ci sa'o'i ana abu ɗaya. Wannan guga ita ce duk sirrin ƙyallin. Babu ruwan gilashi irin na tangaran a jikinta. Tsakuwar guga kuwa dukiya ce, uwa ke bar wa 'ya.

Daga nan sai mai zane. Burushinsa ganyen yuka ne, wani tsiro mai zare na hamadarsu, a tattauna bakinsa kamar asuwaki har ya yi laushi. Fentinsa wani yumɓu ne dabam wanda ba ya ƙyalli ko ya sha wuta. Sau da yawa filin da ke kewaye da siffar yake cikewa, ya bar siffar kanta a goge, ta yadda abin da ido ke gani a matsayin zane shi ne wurin da burushi bai taɓa ba. Siffar da ta fi shahara ita ce avanyu, macijin ruwa mai ƙaho, jikinsa na lanƙwasa irin ta kogi, harshensa walƙiya. A ƙasar da ruwan sama ke wuya, wannan maciji addu'a ce. Akwai kuma gashin tsuntsu da aka jera a da'ira, wanda Julian, mijin Maria, ya ɗauko daga akusan mutanen Mimbres da suka rayu wajen shekara 900 kafin shi.

Gashi sai an samu safiya marar iska. A jera itace ƙarƙashin ragar ƙarfe, a kifa tukwane a kai, a rufe su da tsofaffin farantan ƙarfe da guntayen kwano don kada harshen wuta ya lashe su, a kewaye da kandilo, a kunna. Babu ma'aunin zafi, ido ne ke faɗa. In lokaci ya yi sai a danne wutar gaba ɗaya da garin busasshen kashin doki da toka, a toshe duk wata kafa. Jan launin shafin nan daga ƙarfen da ke cikin yumɓu yake, ƙarfen da ya sha iska. Wutar da aka shaƙe takan janye iskar daga jikinsa ya rikiɗe ya yi duhu, hayaƙin da ya rasa hanyar fita kuma ya shige cikin tukunya ya zauna. Da za a bar wutar ta ci da iskarta, tukunyar ja za ta fito. Wato jar tukunya da baƙa a waɗannan garuruwa yumɓu ɗaya ne, shafi ɗaya. Shawarar da aka yanke a bakin wuta ce ta raba su. In aka tone toka aka goge, sai a ga baƙi iri biyu a jiki ɗaya, wani na sheƙi, wani dishi-dishi, zanen na bayyana yana ɓacewa gwargwadon inda haske ya faɗo.

To, hannu nawa muka ƙirga? Mai haƙa, mai daka, mai gini, mai guga, mai zane, mai tara kandilo, mai kula da wuta. A gidan su Maria ba safai mutum ɗaya ke yin waɗannan duka ba.

Akwai labarin da aka fi so a faɗa wa 'yan yawon buɗe ido. Wajajen 1908 wani masanin tone-tonen tarihi, Edgar Lee Hewett, yana haƙa a kufan kakannin 'yan Tewa a tudun Pajarito, Julian na cikin leburorinsa. Aka tono tsingaro, Hewett ya nemi Maria ta gina irin tukwanen da suka fito daga gare su. Har nan gaskiya ne. Inda labarin ke zamewa shi ne inda ake cewa da haka ta farfaɗo da baƙar tukunya bayan ta ɓace ɗaruruwan shekaru. Baƙar tukunya gogaggiya ba ta taɓa ɓacewa ba. A Santa Clara, ƙauyen da ke maƙwabtaka da su ta arewa, Sara Fina Tafoya tana can tana gina manyan baƙaƙen randuna tun Maria na yarinya. Maria kanta, wadda ta koyi gini wurin innarta Nicolasa, da tukwane masu launuka ta fara yin suna. Sabon abin da ita da Julian suka kawo shi ne zanen baƙi a kan baƙi, kuma sai wajajen 1919 zuwa 1920 suka same shi, bayan gwaji mai yawa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano kafin a gasa ta farko.

Me ya sa aka fi son labarin ɓata da samuwa? Ina ganin don yana yi wa kowa daɗi ban da masu aikin. Mai saye yana so a ce masa abin da ya ɗora a kantarsa ya fito daga zamanin da ba a san farkonsa ba. Masanin Bature kuma ya samu matsayin wanda ya maido wa mutane gadonsu. Mata da mijin da suka zauna suka ƙirƙiro abin da babu shi a da, su aka mayar masu kwaikwayo. Kalmar "gargajiya" in aka manna ta a nan ba tare da lura ba, wannan ɓarnar take yi: tana ɗauke ƙirƙira daga hannun mai ita ta miƙa wa kakanni. Julian ya yi shekaru yana aikin shara a gidan tarihi na Santa Fe, yana kallon tsofaffin tukwane yana kwafar zanensu a littafinsa, yana sakewa yana gyarawa. Wannan aikin mai nazari ne da ya san abin da yake nema.

Amma a ce ba gargajiya ba ce sam, shi ma kuskure ne. Yadda ake neman iznin yumɓu, puki, sakaina, tsakuwar gado, wutar fili, yadda yarinya ke koyo da kallo ba tare da an zaunar da ita an yi mata darasi ba, duk waɗannan sun girmi Sifaniyawa a ƙasar. Gadon yana cikin hanya da ladabin aiki. Kamannin kuwa kowane zamani da nasa, kuma haka yake tun dā: masu tone-tone da kamannin tsingaro suke gane ƙarnin da aka yi shi, abin da ba zai yiwu ba da a ce kakannin ba sa sauya komai.

Sai a tuna halin da ƙauyen yake ciki a lokacin. Jirgin ƙasa ya iso yankin Santa Fe a 1880, ya kawo bokitin ƙarfe da kwanon sha, mata suka rage gina tukwanen amfani. Baƙi sun ci filaye, sun tare ruwa, sun sare dazukan tudu, gona ta daina ciyar da gida. Annobar murar 1918 ta yi musu mummunar ɓarna, har mutanen San Ildefonso suka ragu zuwa wajen ɗari. A irin wannan hali ne baƙar tukunya ta fito, ta kuma dace da idon masu kuɗin Amurka na shekarun 1920, waɗanda ke son kaya masu sulɓi da layi tsaf. Da aka buɗe bajekolin kayan 'yan asalin ƙasa na farko a Santa Fe a 1922, aikin gidan Martinez na cikin wanda ya ci kyauta. Maria da Julian ba su riƙe dabarar ba, suka koya wa 'yan garin. Zuwa shekarun 1930 tukunya ta fi gona kawo kuɗi a gidaje da yawa.

Sai dai tukunyar da ta ceci garin ta daina zama tukunya a ma'anar da muka sani. Wutar da ake dannewa ba ta yin zafin da zai ƙarfafa yumɓu sosai, ruwa kuma yana ɓata gugar. Ba a girki da ita, ba a zuba mata ruwa. An gina ta da siffar tulu da akushi, amma wurin zamanta kanta ne ko akwatin gilashi. Kuma daidai lokacin da ta bar madafa ne ta buƙaci suna.

A dā ba wanda ke sa hannu, don ba a bukata. A garin da kowa ya san kowa, mace takan dubi wuyan tulu ta faɗi wadda ta gina shi. Sa hannu na baƙo ne, na mutumin Shikago ko Niyu Yok da ba zai taɓa ganin maginiya ba. Wannan baƙo kuma ya zo da tasa fahimtar. A al'adarsa suna a kan aiki na nufin hannu ɗaya, basira ɗaya, mutum ɗaya da ya fi saura. Da Maria ta fara rubuta suna wajajen 1923, ita da mai saye suna kallon haruffa ɗaya ne, amma kowa da abin da yake karantawa.

Shekarun farko sunan Julian bai fito ba, ko da yake kusan duk zanen nasa ne, saboda ginin tukwane aikin mata ne a wurinsu, bai dace a ga sunan namiji a kai ba. Sai a 1925 ya shiga. Ita kuwa Clara, ƙanwar Maria, wadda ta yi shekaru masu yawa tana guga, da wuya ka ga sunanta a ko'ina, alhali ƙyallin da ake biyan kuɗi dominsa sau da yawa daga wuyan hannunta ya fito. Sauran 'yan'uwan, Maximiliana da Desideria da Juanita, duk maginan kirki ne, sun kuma yi aiki tare. Waɗanda suka rubuta tarihin Maria sun ruwaito cewa takan sa sunanta a tukwanen wasu don su samu farashi mai kyau.

Wani zai ji wannan ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani kuma, musamman dillali, zai ce algus ne. Ni ban ga ko ɗaya ba. Karin maganar tana bukatar gardin da ya tafi da kuɗi ya bar kura da ciwo, nan kuwa kuɗin gida ya koma, a gida aka ci. Maria ta fahimci cewa Turawa sun ba ta wani abu mai daraja wanda ba ta roƙa ba, wato sunan da ke sayar da kaya, sai ta yi da shi abin da ake yi da kowace dukiya a garinsu, ta raba. A al'ummar da ke ƙyamar mutum ya ɗaga kansa sama da 'yan'uwansa, ficen da ta yi abu ne mai haɗari, kuma raba shi ne ya sa ta iya zama lafiya da maƙwabta. Ban ce mai saye bai ruɗu ba. Ya ruɗu, amma zatonsa ne ya ruɗe shi, don ba wanda ya yi masa alkawarin hannu ɗaya. Abin da sunan ya yi alkawari shi ne cewa wannan aiki ya fito daga wurinmu, na duba shi, na tsaya masa.

Ga wani abin da ke nuna iyakar irin wannan suna. Maria ta nuna gininta a manyan bajekolin duniya, a St. Louis a 1904, shekarar aurenta, a San Diego a 1915, a Shikago a shekarun 1930. Jaridu sun san ta. Amma jihar Niyu Meziko ba ta bar 'yan Pueblo su jefa ƙuri'a ba sai a 1948, bayan wani tsohon soja ɗan Isleta, Miguel Trujillo, ya kai ƙara kotu. Sunanta ya yi shekara 25 yana sayar da tukwane kafin ya isa shiga rajistar zaɓe.

Julian ya rasu a 1943. Surukarta Santana, matar ɗanta Adam, ta karɓi burushi. Daga baya ɗanta Popovi Da ya karɓa, shi kuma ya juya akalar. Antonio Martinez aka rubuta masa a takarda, ya je ya sauya a hukumance ya koma sunansa na Tewa. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a Los Alamos, garin sirrin da aka gina a kan tudun kakanninsa, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Tudun da Hewett ya tono tsingaro shi ne dai wannan. Popovi ya ɗauki tukunya a matsayin fasaha mai zaman kanta, ya kuma so a daraja ta haka. Ya gano yadda ake tsawaita wuta har baƙin ya ɗauki sheƙi irin na bakin bindiga, ya fito da launin ƙasa-ƙasa ta hanyar gashi biyu, daga 1959 kuma ya riƙa ƙara wata da shekarar gashi kusa da suna. A zamaninsa "Marie" ta koma "Maria". Ya rasu a 1971, ya bar mahaifiyarsa da rai. Ɗansa Tony Da ya ƙara gaba, yana dasa shuɗin dutse a jikin tukunya, yana sa sunansa shi kaɗai. Cikin tsara uku sa hannu ya tashi daga abin da baƙo ya nema ya zama abin da ɗan gida ke so don kansa.

Duniya ba ta iya riƙe sunaye da yawa daga ƙaramin wuri, takan zaɓi ɗaya ta rufe littafi. Shi ya sa mutane da yawa ba su san Tonita Roybal ba, wadda masana ke jerawa kusa da Maria a gwaninta, ko Rose Gonzales da ta shigo da sassaƙa a jikin tukunya San Ildefonso wajajen 1930, ko Blue Corn. A Santa Clara kuwa akwai Margaret Tafoya, 'yar Sara Fina, wadda ta rayu daga 1904 zuwa 2001. Randunanta manya ne ƙwarai, gogaggu tun daga baki har gindi, sau da yawa ba su da wani ado sai sawun beyar da aka danna a kafaɗa, don labarinsu ya ce beyar ce ta nuna wa mutane ruwa a shekarar fari. Goge randa irin wannan kafin shafi ya bushe, a kuma gasa ta a fili ba ta fashe ba, a ganina ya fi kowane zane wuya. A 1984 gwamnatin Amurka ta ba ta babbar lambar girmamawa ta masu sana'ar gado.

A 1952 wasu baƙi suka ziyarci Maria: Bernard Leach na Ingila da Shoji Hamada na Japan, manyan maginan zamaninsu, a tafiyar da suka yi tare da Soetsu Yanagi, mutumin da ya kafa aƙidar cewa kyau na gaskiya yana wurin ma'aikacin da ba a san sunansa ba. Hamada ya yi fice da ƙin sa hannu a jikin tukwanensa. Abin ya ba ni dariya da na fara tunaninsa: ga mai suna da ya zaɓi ya ɓoye, ga wadda ta fito daga inda ba a sa suna aka ce ta sa. Amma ɓoye suna ado ne ga wanda duniya ta riga ta sani. Matar ƙauyen da aka daɗe ana sayen aikin kakanninta da sunan ƙabila kawai, ita sa hannu ne ya hana a shafe ta.

Ta wannan hanya labarin ya taɓo mu. Almajirin Leach na farko, Michael Cardew, shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga randunan wata Bagwariya, Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954. Ita ma da hannu take gina randunanta ba da injin juyi ba, ita ma wurin innarta ta koya. A cibiyar aka riƙa yi wa randunanta ruwan gilashi ana gasa su da wuta mai tsanani, suka yi nauyi, suka daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, suka koma kayan kallo a Landan. Aka buga musu haruffan LK. Yau hotonta na bayan naira 20, matan Kwali da suka koya mata kuwa ba wanda ya rubuta sunayensu.

A 1978 gidan nunin Renwick da ke Washinton ya shirya baje kolin aikin tsara biyar na gidan Martinez, Maria na da rai. A 1990 majalisar Amurka ta yi dokar da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa in ba su suka yi ba, saboda kasuwa ta cika da jabu, har da tukwanen da aka zuba a mazubi aka shafa musu baƙi. Dokar tana kare sunan al'umma, kasuwa tana kare sunan mutum ɗaya. Mai guga da mai tara kandilo ba su da mai kare nasu.

Gidajen tarihi da yawa yanzu sun gyara, suna rubuta Maria da Julian tare a kan tukwanen da aka zana kafin 1943. Gyaran ya yi kyau, amma bai kai ba. Duk inda aka san cewa tukunya ta fito daga wannan gida a shekarun da Clara ke riƙe da tsakuwa, ya kamata takardar da ke gaban gilashi ta ambace ta.